Ɗigon Alwala a Kan Siliki

Ni 'yar marina ce, kuma wannan taƙamar ce ta kai ni ta baro. Mahaifina ya fi shekara arba'in a bakin karofi a Kano, har ya koma ga Mahaliccinsa shuni bai bar farcensa ba. Na tashi cikin warin baban rini da toka, ina kallo ana tsoma zane a rijiyar rini, a ciro, a matse, a bar shi ya sha iska, a sake mayarwa. A wurinmu zane ba ya tsoron ruwa. In wani wuri ya fito da dabbare-dabbare, sai a jiƙa a murza, a sake tsomawa, magana ta ƙare. Iyakar abin da na sani ke nan game da rini, amma ni a ganina na san komai.

A shekarata ta huɗu a Amurka, kamfanin da nake wa aikin kula da tsofaffi ya tura ni wani gida a Beltsville. Tsohuwa ce 'yar Japan, ta ba tamanin baya, ita kaɗai a gidan tun rasuwar mijinta. 'Yar firit da ita, amma in ta kafe ka da ido sai ka gyara tsayuwa. Mama nake ce mata. Da Turanci muke magana, nata a karye, nawa a karye, a haka muke lallaɓawa. Aikina magani da abinci da wanka, sai babban cikinsu, wato riƙe ta a matakala duk lokacin da za ta sauka ɗakin ƙasa. Wannan sharaɗin ɗanta ne, wani dogo mai gilashi da ke zaune a Manassas, yana zuwa duk Lahadi. Tun tuni yake son ya kai ta gidan tsofaffi, ita kuma ta ce sai dai a fita da gawarta. Daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Muddin kanta na aiki, za ta zauna a gidanta. Ranar da mantuwa ta fara, za ta bi shi ba gardama.

Ciwon mantuwa ne ya yi ajalin mijinta, shi ya sa. Shekara shida tana jinyarsa, har ya kai yana tambayarta wace ce ita, me take yi masa a gida. Sau ɗaya ta taɓa yi min zancen, tana fere tuffa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita mutuwa ba ta ba ta tsoro, wancan ciwon ne ke ba ta.

Ranar da na fara sauka da ita ɗakin ƙasa sai da na yi salati. Daga wannan bango zuwa wancan, tsawon gidan gaba ɗaya, an miƙe wani ƙyalle fari a iska, daidai ƙugu. Faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba, tsawonsa kuwa ya haura yadi goma sha uku. A ƙarƙashinsa an jera siraran sandunan gora masu allura a baki, sun lanƙwashe suna buɗe shi don kada ya tattare. Siliki ne. Ta ce daga ƙyallen nan guda ake fitar da kimono ɗaya, rigarsu ta gargajiya, ba ragi ba ƙari. Wannan na jikarta ne da za ta cika shekara ashirin, kuma a wurinsu shekara ce babba, a cikinta ne yarinya ke sa riga mai hannu har kusan ƙasa. Silikin da daɗewa ta zo da shi daga garinsu, masaƙar ma ta rufe. Shi ne na ƙarshe a akwatinta.

Wata bakwai ina kallon aikin nan. Ta fara zana furanni da wani ruwa shuɗi-shuɗi da ke ɓacewa in an wanke. Sai ta dama ƙullun shinkafa mai danƙo, ta zuba a ɗan mazurari na takarda, tana matsawa tana bin zanen kamar mai zanen lalle, layi siriri kamar zare. Ƙullun shi ne katangar da ke hana wannan launi tsallakawa cikin wancan. Sannan ta ɗauki ƙananan burushi ta shiga cikewa. Fure ɗaya sai ya ci mata wuni. Akwai kuma tsuntsaye masu dogon wuya, kamar gauraka. Ni kuwa bakina ba ya shiru.

Na ce, "Mama, a gidanmu kafin ki gama fiffiken tsuntsun nan an rina turmi goma."

Ta ce, "Babanki ya iya tsuntsu?"

Ta yi ta dariya har da tari. Amma ta ji daɗi da ta san ni 'yar marina ce. Ta bar ni ina dama mata ƙullu, ina wanke burushi, abin da ta ce ko ɗanta ba ta taɓa bari ya yi ba.

A ɗakin ƙasan nake salla. A falon sama akwai wani ɗan akwati da take ajiye hoton mijinta tana kunna masa turare, ban so in tsaya salla a gabansa ba. Ƙasa kuwa ba a shiga da takalmi, tsaf yake kamar a lashe, ga bahon wanki mai zurfi da famfo, ƙasa-ƙasa. Duk wadda ta taɓa ɗaga ƙafa zuwa wurin wanke fuska na banɗakin Amurka, ga ciwon gwiwa, ta san darajar bahon nan. Mama da kanta ta ba ni izini tun farko. Ta ce dai in riƙa kula.

Wata Talata cikin Oktoba aka zo kan aikin ƙarshe, rina jikin ƙyallen. Kafin nan ta riga ta rufe duk furannin da tsuntsayen da ƙullu mai kauri, ta barbaɗa garin katako a kai, saura fili kawai. Ta ɗauko faffaɗan burushi, ta haɗa shuɗi mai haske. Ta ce wannan aikin in an fara ba a tsayawa, in ka tsaya ko na numfashi biyu, wurin zai nuna har abada. Sai ga tsohuwar da nake riƙewa a matakala tana tafiya a gefen ƙyallen tana shafawa, hannu ba rawa, ni ina biye da kwanon rini, daga wannan bango har wancan. Da ta gama ta zube a kujera tana haki tana murmushi. Sai ta ɗaga min yatsa.

Ta ce, "Yanzu launin zaune kawai yake a kai, bai kama ba. Sai ya bushe, a turara shi a tururi, sannan ya kama. Kafin nan ban da ruwa. Ko ɗigo ɗaya."

Na ce to. Wallahi da kunnena na ji ta. Amma a raina cewa na yi, rini ne fa, wa za a koya wa rini?

Ta ci abinci ta kwanta barcin rana, ni kuma na sauka yin azahar. Na yi alwala, na juyo, na yarfe hannuna. Don Allah wa ya taɓa tsayawa tunani kafin ya yarfe hannu bayan alwala? Tun ina 'yar shekara bakwai haka nake yi, haka uwata ke yi. Sai na ji tas, tas, tas, don ƙyallen a ɗame yake kamar fatar ganga.

Ɗigo huɗu ne, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa. Ina tsaye ina kallo shuɗin ya fara gudu daga tsakiya yana taruwa a gefe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Da a nan na tsaya, da na hau sama na tashe ta, ƙila da tana da dabara. Ina! 'Yar marina ta motsa. Na ce bari in jiƙa wurin gaba ɗaya ya daidaita, kamar yadda ake yi a gida. Na tsoma bakin hijabina a ruwa, na danna, na ɗan murza. Garin neman gira aka rasa ido. Ɗigo huɗu suka haɗe suka zama tabo guda kamar tafin hannu, tsakiyarsa fari-fari, gefensa duhu, ga sawun murza a fili. Kuma ba a kan fure ba ne, balle ƙullu ya tare. A fili ne fetal, tsakanin jajayen zare biyu da ta ɗinka don alama, ta taɓa gaya min nan ne gaban rigar.

Na yi sallar, amma kada a tambaye ni abin da na karanta. Na hau sama na tsaya a ƙofar ɗakinta, tana barci baki a ɗan buɗe, hannunta duk shuɗi. Abin da nake gani kawai ɗanta, da ofis, da lauya. A ƙasar nan in aka rubuta a takarda cewa ka yi ɓarna a gidan tsoho, wa zai sake buɗe maka ƙofarsa? Ga 'ya'yana biyu a makaranta. Na ce bari ta huta, gobe zan faɗa.

Washegari ita ta fara cewa mu sauka. Ina riƙe da hannunta a matakala, nawa hannun ya fi nata sanyi. Ta fara daga ƙarshen ƙyallen tana bi a hankali, tana gyaɗa kai. Da ta iso wurin ta tsaya. Ta ciro gilashin ƙara girma daga aljihun rigar aikinta, ta sunkuya. Ta daɗe a sunkuye.

Ta ce, "Ruwa ne. Kuma an goge."

Ina jira ta juyo ta kalle ni, da ta kalle ni da na faɗa, na rantse da na faɗa. Amma ba ta kalle ni ba. Hannunta ta ɗaga tana dubawa, ciki da baya. Sai ta ce, da wata 'yar murya da ban taɓa jin ta da ita ba, "Jiya da na tashi daga barci, na sauko nan?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama. Ina wanke-wanke."

Haka na ce. Ban tsara ba, ban yi niyya ba, bakina ne ya ga ƙofa a buɗe ya fice ta nan. Ta gyaɗa kai, ta faɗi wata magana da harshensu, ta ce mu koma sama. A matakala ta ninka nauyinta na kullum.

Ko kusa bai zo mata a rai cewa ni ce ba. Ni ai 'yar marina ce, na san rini, kuma da kunnena na ji kashedi. Sai ta ɗora wa kanta. A lissafinta, ta sauko ita kaɗai, ta zuba ruwa a kan aikin wata bakwai, ta goge da hannunta kamar wadda ba ta taɓa riƙe burushi ba, ta hau sama, kuma ba ta tuna ko ɗaya ba. Haka mijinta ya fara, da aikata abu ya musa.

Daga ranar ba ta sake cewa mu sauka ba. Ƙyallen yana can a rataye, ba a turara shi ba. Ta fara manna 'yan takardu a jikin firji: na sha magani, na kashe murhu, yau Alhamis. Da safe tun ban cire takalmi ba za ta tare ni ta gaya min abin da ta ci jiya da daddare, ta ce in duba kwandon shara in gani ko gaskiya ne. Ta ƙirga ƙwayoyin maganinta sau biyu, sau uku. Rannan ta nemi gilashinta alhali yana kan goshinta, abin da ni ma nake yi kullum, da a da ne da dariya za mu yi. Ta zauna a bakin gado ta rufe fuska. Abinci kuwa sai ta tsakura ta ture.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Waya ta yi ƙara, in zabura. Ta kira ni daga ɗaki, in ce ta gano. Hijabin nan na ƙudundune shi a leda na tura ƙarƙashin kujerar mota, bakinsa da shuɗi, na kasa wankewa na kasa yarwa. Kullum da asuba in ce yau zan faɗa, kullum in isa gidan in ga ai ƙaryar ta ƙara kwana ɗaya, ta fi ta jiya wuyar faɗa. Da farko tsoron ɓarna nake ji. Yanzu kuma sai in bayyana me ya sa na tsaya ina kallon tsohuwa tana ƙirga magani na yi shiru.

Ran Litinin na tarar da motar ɗanta a ƙofa, abin da ba ya yi. Ya tare ni a waje. Na ce shi ke nan, na shiga uku. Ashe godiya zai yi min. Ya ce jiya Mama da bakinta ta gaya masa abin da ya faru da silikin, ta ce alkawari alkawari ne. Ya samo ɗaki a wani gidan tsofaffi kusa da shi, ran Juma'a da ƙarfe huɗu zai zo ya kai ta ta gani. Idonsa ya yi ja, ya cire gilashi yana gogewa. Ya roƙe ni in riƙa rubuta duk wata mantuwa da na lura da ita a littafin aiki, don likita. Ya ce sun yi sa'a da suka same ni. Na ce ba komai. Ni da bakina na ce ba komai!

Ran Alhamis motata ta ƙi tashi, sai wata 'yar Kumasi da muke aiki a kamfani ɗaya ta rage min hanya, don duk a garin Clinton muke zaune. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. Shekararta ashirin a wannan aiki, ba abin da ba ta gani ba. Muna cikin cunkoso na fashe da kuka na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, idonta a kan titi.

Ta ce, "Ƙanwata, akwai kyamara a ɗakin?"

Na ce babu.

Ta ce, "To ki kama bakinki. A ƙasar nan ba a cewa ni na yi. Tsohuwa ce, ko yau ko gobe dole a kai ta. Ki tuba ga Allah, ki riƙe aikinki."

Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Yaya! In uwarki ce fa?"

Ta ce, "In uwata ce, da ba ki yi kwana tara kina kallonta ba."

Ran Juma'a na tarar Mama ta riga ta yi shiri tun safe, ta sa rigar sanyinta mai ruwan toka wadda take fita unguwa da ita, ta taje kai. Ta ce in gyara mata wuyan rigar. Ina gyarawa hannuna ya taɓa wani abu ta ciki. Na buɗe. Takarda ce ta maƙala da fil, ta rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, da adireshin gidan, da lambar ɗanta. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya da Turanci, wai don Allah in an tsince ta a kira wannan lambar.

Ta ga na gani. Ta ce, "Haka nake yi wa mijina. Gara in yi da kaina tun ina iyawa."

Na durƙusa a tsakiyar kicin kamar yadda zan durƙusa wa uwata, na kama gefen siket ɗinta. Na ce, "Mama, ni ce. Ba ki sauka ba, barci kike yi. Ni na yi alwala na yarfe hannu, ni na goge da hijabina. Ni ce."

Ba ta yi ihu ba, ba ta janye ba. Ta dube ni daga sama, ta ce, "Kina faɗa ne don ki faranta min?"

Na ce wallahi a'a.

Ta ce, "Nuna min."

Muka sauka. Ta ɗauko tsohuwar jarida ta shimfiɗa a kan ƙyallen, daidai wurin, ta rufe ko'ina da kyau. Ta ce in yi yadda na yi, daga farko. Na buɗe famfo na yi alwala tana tsaye tana kallo, ina kuka, ruwan ido da na famfo sun haɗu. Na juyo na yarfe hannu. Tas, tas, tas. Ta sunkuya da gilashinta ta duba ɗigon da ke kan jaridar, ta ɗaga jaridar ta duba tabon, ta auna tazarar da yatsa daga bahon. Ta ce ina hijabin. Na ce yana motata a gida, amma na ɗauki hotonsa, ban ma san dalilin da ya sa na ɗauka ba. Na nuna mata a waya. Ta buɗe hoton ta ƙura wa shuɗin ido. Rininta ne, ta san abinta.

Sai ta tafi ta zauna a matakalar ƙarshe, ta fashe da kuka. Kuka irin na yara, da sheshsheƙa, kafaɗa na tsalle. Wata bakwai ban taɓa ganin hawayenta ba. Na matsa zan riƙe ta, ta ɗaga min hannu, na tsaya inda nake. Da ta lafa ta sa hannu cikin rigar ta cire fil ɗin, ta ninke takardar huɗu ta sa a aljihu.

Ta ce, "Kwana nawa?"

Na ce, "Goma."

Ta ce, "Ruwa ba komai ba ne. Ina yarinya ni ma na taɓa ɗiga gumi a kan aikin malamina. Da kin tashe ni a lokacin, da zagi kawai za ki sha." Ta share fuska da bayan hannu. "Kullum da safe kina duba min kwandon shara."

Na ce, "Ki yafe min, Mama."

Ta ce in hau da ita sama. A kicin ta ɗauki wayar gidan ta danna lambar ɗanta da kanta, daga ka, ba ta duba komai ba, ta miƙo min. Ta ce, "In ni na faɗa, cewa zai yi na ƙirƙira don kada in tafi. Ke za ki faɗa." Ta tsaya a gefena ta riƙe hannun rigata gam, kamar zan gudu. Kuma ba ta yi kuskure ba, don ina kallon ƙofa.

Ya ɗauka. Na faɗa masa tun daga yarfe hannu har ƙaryar wanke-wanke. Da na gama ya ce in ba shi mahaifiyarsa. Suka yi magana da harshensu, ita tana ta gyaɗa kai tana share ido. Da ta mayar min da wayar, ya ce in jira har ya iso, in bar makulli a kan tebur.

Ba a kai ni kotu ba, ba lauyan da ya neme ni. Ofis suka kira ni suka ba ni takardar gargaɗi na sa hannu, na zauna mako uku a gida, sannan suka tura ni wani gida a wani gari. Duk abin da na kwana goma ina tsoro, iyakarsa ke nan. Gidan Mama kuwa an hana ni sake takawa, ko kira.

Yaya aka tura a madadina. Ban tambaye ta komai ba sai bayan wata biyar, da muka sake haɗuwa a motarta. Ta ce likita ya gwada tsohuwar ya ce kanta garau, tana nan a gidanta, kullum sai ta sauka ƙasa awa biyu. An gama rigar, sai dai ba shuɗi mai haske ba, ta sake bi ta kai da launi mai duhu don ya haɗiye tabon, jikar ta sa an yi hotuna. Ta ce ranar da ita Yaya ta fara zuwa gidan, tambayar farko da tsohuwar ta yi mata ita ce ko tana salla. Da ta ce e, sai ta kai ta banɗakin sama, ta nuna mata wata 'yar kujera da baho na roba da ta sa aka sayo, da tawul sabo a rataye.

Na yi dariya. Na ce, "Yaya, tana tambayata?"

Ta ce, "A'a, ƙanwata. Ko sau ɗaya."

Na ce ta sauke ni a gaban shagon kan kwana, zan ƙarasa da ƙafa.